Ɓeran Shagona

Wata uku ina zargin ɓera,
na ɗana masa tarko bayan buzu, bai faɗa ba.
Sai na juya kan Mode, yaron shagona,
na ce guntayen fatar da nake tarawa a kwando
ba ƙafafu gare su ba.
Ya rantse har idonsa ya kawo ruwa.
Na hana shi kuɗin fura kwana biyu.

Ran Laraba sai ga Luba da takarda:
"Baba, Assabar muna baje aikin hannu makaranta,
Malama Rakkiya ta ce kowa ta zo da nata."
Na ce, wa zai tsare mini shago?
Uwarta ta ce, "Shagon ga ba ya gudu. Tai."

Na hau kabu-kabu daga tsohuwar kasuwa zuwa Mabera,
rana na dukan ƙeya kamar tana bi na bashi.

An jera tebura a ɗakin taro.
Wata ta gina gulbin Rima da laka da fasasshen madubi,
har da masunci cikin jirgin ɓawon gyaɗa.
Wata ta saƙa faifai da ledar ruwan sanyi.
Wata ta sassaƙa ƙwarya da lissafin ninkin bakwai,
wai nan take faɗuwa kullum,
gara ta riƙa ganinsa in tana shan kunu.
Tagwaye sun haɗa raƙumi da kwali da murafun kwalba,
wuyansa ya saki,
suna tallafe da shi bi da bi, dariya ta hana su bayani.

Ina tafe ina raba madalla kamar goro
sai hancina ya riga idona:
ƙamshin jima, bagaruwa da mai.

A bango, hannuwa biyu na fata,
guntu kan guntu, riƙe da basilla.
Na san kowane guntu da sunansa.
Jan nan na karan dafi, ragowar tumtum ɗin Hajiya Ige;
rawayan, kuben wuƙar wani mahauci na Kara;
koren, gafakar da na ɗinka wa mai sauka;
baƙin, takalmin ladan da har yau bai cika kuɗinsa ba.

Sai babban yatsan hagu.
Ta yanke shi gajere,
daidai inda aska ta ɗauke mini tun ba a haife ta ba.
Ban taɓa ba ta labarin ba.
Ashe duk sanda ta kawo mini tuwo shago
ba kwano kaɗai take jira ba.

Malama ta ce, "Mi ka gani, Baba?"
Luba na bayanta tana cizon bakin hijabi.
Maƙogwaro ya ƙi.
Na matsa, na bi ɗinkin da farce,
na ce, "Nan ya karkace. Zaren ga ya yi sako-sako."
Abin da shekara talatin ta dukanci
ta iya sa mini a baki ke nan.

Mai gulbi ta zo ta ɗaya.
Luba ta uku: sabulu biyu da littafin zane.

Daren nan na ƙirga azaran ɗaki har ladan ya kira,
da takalmina a ƙafarsa.
Na zaɓi jar fata sukutum, wadda ƙaya ba ta taɓa ba,
na naɗe basillar mahaifina a ciki,
na tura ƙasan jakarta, ƙarƙashin littafin lissafi.
Ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba,
sai dai gaisuwar safen ta yi tsawo.

Na biya wurin mai fura, na ce ta cika ƙwarya,
na dire gaban Mode.
Ya dube ni, ya dubi kwandon.
Ya ce, "An kama ɓeran?"
Na ce, "An kama. Tana aji huɗu.
Sha."